Raƙumin dawa da gawo

Kai mai karatu, ka taɓa ganin raƙumin dawa da idonka? Da yawanmu sai a hoto. Amma a zamanin kakanninmu yana yawo tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka ƙare shi. A shekarar 1996 da aka ƙirga, 49 kaɗai suka rage, dukansu a wajen Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai.

Wasu na cewa masu bin dabbobi suna ƙirga ba su da aikin yi. Ni dai ban yarda ba. Su ne suka lura cewa da damina raƙumin dawa yana kan tudu, da rani kuma sai ya gangara Dallol Boso. Me ke kai shi? Gawo. Ai ka san halin gawo: da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. To, in ka sare gawon gonarka, me zai ci? Sai ya faɗa wa wake da mangwaro. Mai gona ya yi fushi, kuma da gaskiyarsa.

Da aka gane haka aka tsare su, har suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 a mota zuwa Gadabeji, cikin jihar Maraɗi. Ba da ka aka zaɓi wurin ba, sai da aka duba itatuwansa. A 2022 aka ƙara kai 4.