Keken haɗe-haɗe ba abin kunya ba ne



Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis zai ga wani irin keke wanda ba shi da suna guda. Gangar jikinsa ta Raleigh ce, ƙirar Nottingham ta ƙasar Ingila, wadda ta shigo ta hanyar Kano tun zamanin kakanni. Ƙafafunsa na Phoenix ne, ƙirar Sin. Sirdinsa daga wani tsohon Peugeot aka ciro shi, kariyar baya kuwa maƙerin unguwa ya ƙera ta. A kan irin wannan dokin ƙarfe ne manomi ke kawo kayan lambu daga Mirya, ɗan lakkol ke zuwa aji, mai ruwa ke rataya jarkoki. Amma sau da yawa idan mai hali ya gan shi, sai ya yi murmushi ya ce tarkace ne. Mu a namu ra'ayi, wannan keke shaidar ilimi ne, kuma ya cancanci hukuma ta dube shi da idon basira.

Dalili na farko shi ne wurin da Allah ya ajiye mu. Damagaram tana tsakanin awo biyu. Turawan Faransa sun bar mana milimita, maƙwabtanmu na kudu kuwa sun gaji inci daga Ingila, kuma kayan keke suna shigo mana ta ɓangarorin biyu. Zaren fedar tsohon keken Faransa milimita 14 ne, na Ingila kuwa 9/16 na inci, wato ya ɗara da kaɗan. Ido ba ya ganin bambancin, amma wanda ya ɗaura fedar Faransa a hannun Ingila zai ga tana lilo har ta cinye zaren. Haka batun taya yake. Ƙafar Raleigh da ta Phoenix faɗinsu milimita 635 ne, ta Faransa wadda ake kira 700 kuwa 622 ce. Dukansu biyu akan rubuta masu 28 a jiki, alhali ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Mai gyaran da ya san wannan duka, ya kuma san inda zai sake yanka zare da inda zai sa ɗan gwangwani ya cike giɓi, ai malami ne a fanninsa, ko da bai taɓa zama a benci ba.

Dalili na biyu shi ne abin da zamani ya koya mana. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020, sannan aka sake garƙame ta a 2023 har cikin 2024. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada ƙwarai. A irin waɗannan lokuta sabon kaya yakan gagari talaka, sai tsohon ƙarfe da hannun gwani su riƙe gida. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wannan hali kuwa gado ne a ƙasar nan. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram sun ƙera igwa a cikin birni, har sunan masarautar ya kai nesa. Jikokin waɗanda suka narka ƙarfe suka yi igwa ba za su ji kunyar tayar da keke daga juji ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta. Akwai haɗin gwaninta, akwai haɗin ha'inci. Wani yakan sami cokalin gaba da ya tsage, ya ɗan taɓa shi da walda, ya shafe da fenti, ya liƙa tambarin Raleigh, ya sayar wa baƙauye da sunan na asali. Wani yakan haɗa birkin da bai kai bakin ƙafa daidai ba, ya ce a yi maneji. Ranar da aka ɗora buhun gero aka kama gangara, ran magidanci ne a kan wannan walda. Irin waɗannan su ne ke ɓata sunan sana'a, kuma ƴan'uwansu masu gyara ne ya kamata su fara tsawata masu.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na ɗaya, malaman yaƙi da jahilci su shigar da awon keke cikin darasin lissafi. Wanda ya iya karanta 635 da 622 a jikin taya ba za a sayar masa da wadda ba ta shiga ba, kuma zai gane da kansa cewa karatu yana tsare aljihu. Na biyu, cibiyoyin koyon sana'a su gayyato tsofaffin masu gyara su koyar da samari, a ba su takardar shaida kamar yadda ake ba kafinta da tela, tun ilimin nasu bai bi su kushewa ba. Na uku, masu gyara na Birni da Zango da Sabon Gari su haɗa kai bisa ƙa'ida guda: a gaya wa mai saye asalin kowane ƙarfe, kada kuma keke ya bar rumfa sai an gwada birkinsa da cokalinsa a gabansa.

Mun sani babura sun cika gari, kuma tun 2011 ake tace man fetur a matatar SORAZ a jiharmu. Duk da haka, babur ba ya motsi sai an biya kuɗin mai, keke kuwa ƙarfin ƙafa kawai yake nema. Ga talakan da ke ƙidaya dala-dala kafin ya ci abincin dare, wannan bambanci babba ne.

Ya ku ma'aikata da shugabanni, idan kuka ga dattijo zaune gindin bedi da sifana a hannu yana daidaita ƙafar keke, ku tsaya ku ce masa sannu da aiki, baba. Shi ma gina ƙasa yake yi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba Nijar lafiya da zama lafiya. Amin.