A Faɗa Wa Manomi Gaskiya Kafin A Sa Masa Wuƙa

Maudu'inmu na wannan mako mai nauyin faɗa ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk watan Nuwamba ana yayata aikin tsayar da haihuwa na maza, wato basektomi, inda likita ke yanke bututun da ke ɗauko ƙwayoyin haihuwa daga maraina. Masu tallarsa na cewa ƙaramin aiki ne, 'yan mintoci an gama. Wannan gaskiya ne, kuma ba dandaƙa ba ce kamar yadda ake yaɗawa a majalisa, don ba ya taɓa mazakuta. Rigimarmu da su ita ce rabin maganar da suke haɗiyewa.

Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2012, ta ce mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na samun ciwon maraina mai ɗorewa, wanda ke dagula masa rayuwa. Ciwon kan wuce wata 3, wani ya kai shekaru. Sanadinsa ko taruwar ƙwayoyin a bayan inda aka toshe, ko rauni a jijiya, ko ƙulli a wurin yankan. Sake haɗa bututun kuwa aiki ne mai wuya da tsada, kuma babu tabbas.

To, mu nan jikinmu ne jarinmu. Mai huɗar masara a Bakori, mai cirar auduga a Malumfashi, mai dakon buhuna a kasuwar Dandume, ɗan acaɓa a Funtuwa, in wannan ciwo ya kama shi, wa zai ciyar da gidansa? In ya fi ƙarfin babban asibitin garinsu, sai Shika ko Katsina ko Kano. Wa zai biya kuɗin motar?

Mun san abin da ɓoye-ɓoye ke haifarwa. Gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 na cikin dalilan da suka sa jama'a suka guji rigakafin shan inna a 2003, yara kuma suka ɗanɗana kuɗarsa.

Ba mu manta da matanmu ba. Su ke shan allura da ƙwayoyi, su ke kwance a Babbar Ruga da yoyon fitsari. Namijin da ya ga ya dace ya ɗauke wa iyalinsa wannan nauyi, bayan ya tuntuɓi malamai da likita, ba abin dariya ba ne. Amma haƙƙinsa ne a karanta masa haɗarin da Hausa, a ba shi lokaci ya yi shawara, a kuma faɗa masa ƙofar da zai buga in ciwo ya zo.

Kai kuma ɗan uwa da ke fama a ɓoye, bar sayen maganin ƙarfi a tasha. Je ka ga likita, kunya ba ta warkar da kowa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.