Siririyar Kwamfuta, Kaurin Wahala

Da kakar da ta wuce wani ɗan yayata da ke Kebbe ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Uban ya sayar da buhunan shinkafa, ya haɗa da ɗan maraƙi, ya damƙa masa kuɗin kwamfuta. Na ce ya bari in raka shi, ya ce ai abokansa sun riga sun gaya masa wadda ake yayi. Sai ga shi da wata siririya ruwan toka, ya ɗago ta da yatsu biyu yana murmushi. "Kawu, ɗauki ka ji, kamar ba ka riƙe komai ba." Na ɗauka, na ji, na yi shiru.

Hutun farko ya sauka Tambuwal, ya hau babur zuwa gida, ɗan kabu-kabu ya ɗaure jakar kwamfutar a baya da roba, ya ja ya ƙara ja. Da aka buɗe da daddare, rabin allon ya koma baƙi kamar an zuba masa tawada. Muka kai ta Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100. Mai gyaran ya juya ta, ya leƙa notinan da ko sukurudirebarsa ba ta shiga, ya turo mini ita a hankali. "Malam, wagga sai Kano. Can ma sai in an dace."

Tun ranar nake jin haushin maganar da ta zama ruwan dare a bakin ɗalibai da ma'aikatan ƙaramar hukuma, wai kwamfutar kirki ita ce wadda ba ta da kauri, ba ta da nauyi, mai kauri kuwa ta tsofaffi ce. Wa ya ce? Wannan yayi yana da ranar haihuwa. A watan Janairun 2008 Steve Jobs ya hau dandamali a Amurka, ya zaro MacBook Air daga ambulan ta takarda, jama'a suka yi ta tafi. A 2011 kamfanin Intel ya fito da sunan Ultrabook, sauran kamfanoni suka bi sahu, kowa na rige-rigen rage kauri. Mutumin da aka ƙera wa abin shi ne mai yini a filin jirgi, ofishinsa da na'urar sanyaya ɗaki, shagon kamfani na bayan layinsu, in ta lalace a sauya masa wata. Ban san mutum ɗaya mai irin wannan rayuwa tsakanin Dogon Daji da Kuchi ba.

Sirantakar nan ba kyauta aka same ta ba, wani abu aka cire. A tsohuwar ƙira, ram yana zaune ne a gurbinsa, ka zare ka sa babba. Ma'ajiyar bayanai ita ma haka. Batir kuwa maɓalli biyu za ka ture ya faɗo hannunka. A mafi yawan siraran yanzu an like ram a jikin uwar allo da dalma, wasu har ma'ajiyar, batir yana ciki a rufe. Wanda ya saya da ram 8 zai rabu da ita da ram 8. In kuma uwar allon ta ƙone, a irin waɗanda aka like wa ma'ajiya, to ta tafi da aikin ɗalibi na shekara huɗu. A mai kauri, yaron shago zai ciro ma'ajiyar ya jona a wata, kafin ka gama shan ruwan leda ya miƙo maka takardunka.

Sai zafi, wanda masu talla ba sa so a ambata. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da kwamfutocinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu 40 muke wucewa, a inuwa, a ɗakin kwano kuma sai abin da Allah ya yi. Injin kwamfuta in ya ji wuta rage gudu yake don kada ya ƙone, siririn jiki kuma ba shi da filin da zai watsar da zafin. Ka biya kuɗin doki, da azahar ka hau jaki. Batir ma zafi ne babban makashinsa, shi ya sa za ka ga wata ta fara kumbura daga ƙasa, murfinta ba ya rufuwa.

Za a ce mini batirin siririyar na daɗewa, a garin da wutar Kaduna Electric ke leƙowa kamar baƙuwa. Gaskiya ne, ba zan yi musu ba. MacBook Air ta ƙarshen 2020 kamfanin ya ce tana kaiwa awa 18, cajarta wat 30 ce kacal, ƙaramar sola ma na iya ciyar da ita, kuma tun da ba ta da fanka ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Ga ma'aikaciyar lafiya ko ɗan jarida mai yawo ƙauye-ƙauye, wanda wurin aikinsa ne ya saya kuma shi zai gyara, wannan babbar riba ce. Amma awa 18 ɗin nan na sabuwa ce dal a kwali. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni, mutum nawa ne a Tambuwal ke sayen sabuwa? Abin da ke iso mana gwanjo ne, wadda wani Bature ya riga ya shanye ruwan batirinta shekara huɗu ko biyar. Wato alfanun nan guda ɗaya shi ne ya fara ƙarewa, aibin kuma yana nan daram.

Kada ma a zo kan ƙofofi. Je shagon buga takardu da siririyarka: firinta na son babbar ƙofar USB, fulash ɗin abokinka haka, tsohuwar furojektar makaranta na son ƙofa mai haƙora 15. Kai kuma ramuka biyu ƙanana gare ka, ɗaya caja ta toshe. Dole ka sayi jela ka rataya mata, ranar da ka mance jelar a Sakkwato ka zama ɗan kallo. In ka yi ƙorafin ma'ajiyar ta yi kaɗan, sai a ce ka ajiye kayanka a intanet. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan ajiya a hannun iska.

Nauyin da ake ta gudu kuma nawa ne? Siririya na kusan kilo 1.3. ThinkPad T480, wadda ta fito a 2018, na kusan kilo 1.6, tana da gurbin ram biyu da batirin baya da ake zarewa a sa wani, kuma tana ɗaukar Windows 11, abin lura tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025. Irin su Dell Latitude da HP EliteBook na wancan zamanin ma kayan gyaransu jibge suke a titin Beirut a Kano. Bambancin nauyin bai kai rabin kilo ba. Saurayin da ya taso yana ɗaukar dami daga fadama, yau shi ne rabin kilo ke karya wa kafaɗa? A'a, a faɗi gaskiya, ido ake saya wa. Ana so a buɗe ta a ɗakin lacca a ji an waiwayo.

Siririyar ɗan yayata ta yi mako bakwai a Kano. Kuɗin allon da aka yanka mana ya kusa sayen wata mai kauri sukutum, uban ya ce shi ba shi da wani maraƙin. Yaron ya rubuta aikin zangon nan a kwamfutar wani abokinsa ɗan Sanyinna, baƙa mai kauri, harafi ɗaya ya ɓalle an like shi da gam, kusurwarta ɗaure da salatif. Da dare suke karɓa-karɓa, shi daga sha biyu zuwa asuba.