Gasar ƙwallon Afirka: me ya sa ƙungiyoyinmu ke tsayawa a bakin ƙofa?

Duk shekara, daga ƙarshen damina zuwa kaka, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, takan buɗe wasannin share fage na kofin zakarun ƙungiyoyi da kuma na kofin ƙalubale. Mu a nan Birnin Ƙonni mukan kasa kunne ga rediyo mu ji yadda wakilan Nijar za su kaya, amma galibi kafin a gama girbin hatsi an sallamo su gida. Wasu na cewa rashin sa'a ne. A ganinmu maganar jari ce, kuma babu wanda ya fi ɗan kasuwa fahimtar wannan.

Ga yadda tsarin yake. Kafin ƙungiya ta shiga rukuni, inda kuɗi da suna suke, sai ta haye zagaye biyu, kowane da wasan gida da na waje. Ƙasashe 12 da suka fi maki su ke tura ƙungiyoyi biyu-biyu a kowane kofi, sauran, har da Nijar, ɗaya-ɗaya. Makin kuwa ba a fara samunsa sai an kai rukuni. Ke nan wanda bai shiga ba ba ya da maki, wanda ba ya da maki kuma ba a ƙara masa gurbi. Kamar mai talla ce da aka ce ba za a ba ta rumfa ba sai ta nuna ribar da ta ci a cikin rumfa.

A 2024 CAF ta fara ba kowace ƙungiya mai wasan share fage dala 50,000, kusan miliyan 30 na sefa. A baki kuɗi ne mai yawa, to amma a cire kuɗin jirgi na mutum wajen talatin zuwa wata ƙasa, da masauki, da abinci, a ga abin da ya rage. A tsarin da aka sa a 2023, wanda ya kai rukuni a kofin ƙalubale ba ya samun ƙasa da dala 400,000, wato ninki takwas. Ribar tana bayan ƙofa.

Ba a ce ba mu taɓa shiga ba. Idan ba a manta ba, a 2010 ƙungiyar sojoji ta AS FAN ta kai rukuni a kofin ƙalubale. A 2021 ƙungiyar jandarma ta USGN ta riƙe Al Ahly ta Masar 1 da 1 a Yamai, aka ci ta 6 da 1 a Alƙahira, daga nan ta faɗo kofin ƙalubale ta shiga rukuni. Sai dai a lura da masu sunayen: soja, jandarma, gardi, duwan, ƴan sanda. Kusan duk masu wakiltarmu ƙungiyoyin ma'aikatu ne da ke zaune a Yamai. Suna da albashi, amma ba su da gari a bayansu. Wa zai rufe shagonsa ya bi ƙungiyar duwan?

Mu dubi maƙwabta. A 2009 Kano Pillars ta fitar da wannan Al Ahly ɗin, 1 da 1 a Kano, 2 da 2 a Alƙahira, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Gaskiya ne gwamnatin jiha ke riƙe da ita, amma mutanen Kano sun ɗauke ta tasu, su ke cika fili su biya kuɗin ƙofa.

Ga kuma matsalar fili. Saboda CAF ba ta amince da filin Seyni Kunce ba, a 2024 sai da Mena ta karɓi baƙinta a Maroko da Togo. Ranar da aka kai wasan gida waje, ba ƴan wasa kaɗai suka yi asara ba. Mai tuwo, mai ruwan sanyi, mai tsire, ɗan kabu-kabu da mai masauki duk an ɗauke musu kasuwa.

To mu fa, mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela? Ba mu rasa dukiya ba. Albasar Galmi har bakin teku take zuwa, ga siminti a Malbaza, ga cinikin iyaka da ba ya yankewa. Malbaza ma ta taɓa samun ƙungiya a rukunin farko na ƙasa. Yara masu ƙafa kuwa suna nan cike da unguwanni, mafarkinsu kawai su tsallake su tafi.

Ba muna cewa Alhaji ya zuba kuɗi a rijiya ba ne. Ɗan kasuwa yana da gaskiya idan ya ce sai ya ga littafi. Abin da muke kira shi ne ƙungiyoyin ƴan kasuwa, maza da mata, su zauna da magadan gari da masu kula da wasanni a jihar Tawa, a tsayar da ƙungiya ɗaya da za a riƙe kamar adashi: kowa ya san abin da ya zuba, kowa ya ji inda aka kashe. Ba za ta je Alƙahira baɗi ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Muddin ƙwallonmu na hannun ma'aikatu kaɗai, za mu ci gaba da raka wakilanmu bakin ƙofa muna dawowa da su.

Allah ya sa mu dace.