A gwada manhaja kamar yadda ake gwada iri

Manomin Dungas ba ya yabon iri sai ya ga abin da ya yi a jigawa da kuma a fadama. Haka ma INRAN, ma'aikatar binciken noma da aka kafa a 1975, take shuka sabon irin gero a tashoshi dabam-dabam, kamar Tarna da Kollo, kafin ta miƙa shi ga talakawa. Wannan hikimar ya kamata ta shiga aikin kwamfuta.

Manhaja, wato shirin da ke sa kwamfuta aiki, tana zaune ne bisa wani babban tsari. Wata na'ura Windows gare ta, wata Linux, wayar hannu kuwa Android. Kowane da halinsa. Ga Windows, takardar da aka sa wa suna “Dungas” da wadda aka sa wa “dungas” abu guda ne. Ga Linux, abu biyu ne. Tsohon jerin baƙaƙen Windows na Yammacin Turai bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, ko da yake ma'aunin Unicode ya karɓe su tun 1991. In aka yi sakaci, sai ƙ ta koma alamar tambaya, ko ta zube ƙugiyarta, baƙi ya zama baki.

Masu gina manhaja suna da magani. Suna rubuta ƙananan gwaje-gwaje, kowane yana duba gaɓa guda: an ajiye suna, ya komo daidai? An nemi takarda, an same ta? Amma gwajin da aka ci a na'ura ɗaya shaidar wannan na'urar ce kaɗai. Wajibi ne a maimaita shi a kowane tsari, duk sa'ad da aka taɓa shirin.

Wasu za su ce wannan ɓata lokaci ne da kuɗi. To, a tuna wanda zai biya in an ƙi. Tun 2011 Dungas ta rabu da Magariya ta zama gunduma, kuma takardun jama'arta suna bi ta na'urori iri-iri har Damagaram da Yamai. Harafi ɗaya ya sauya cikin sunan yaro a takardar haihuwa, ubansa ne zai bar gona ya yi ta zirga-zirga, jarrabawa kuwa ba ta jira.

Saboda haka, magabatan da ke sayen manhaja da kuɗin ƙasa su sa sharaɗi: kada a karɓi aiki sai an nuna sakamakon gwaji a kowane tsari, da sunayen mutane da garuruwan ƙasar nan. Rigakafi ya fi magani.