Kannywood ta girmi Nollywood

Na gaji da jin wata magana a bakin matasan unguwarmu, nan Nasarawa GRA: wai sunan Kannywood kwaikwayon Nollywood ne, 'yan Legas suka raɗa nasu, mu kuma muka bi sahu. Ba haka abin yake ba.

A 1999 ne Sunusi Shehu Daneji ya fito da sunan a mujallar Tauraruwa da ake bugawa a Kano. Ya yanko kan Kano ya liƙa masa wutsiyar Hollywood, yadda aka gwama Bombay da Hollywood aka samu Bollywood. Nollywood kuwa sai a 2002 ta bayyana a jaridar New York Times. Namu ɗan gida ne ya raɗa shi, nasu daga Amurka ya zo. Ko a fim ɗin ma, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, shekara biyu kafin nasu fim ɗin, Living in Bondage.

Na san masu ƙorafi a kan sunan, kuma ban raina hujjarsu ba. Suna cewa me ya haɗa Bahaushe da wannan wutsiya ta Turanci? Ina 'yan Jos da Kaduna da suka zuba guminsu a sana'ar, ina masu kallo na Maraɗi da Damagaram? Gaskiya ne, "fina-finan Hausa" ya fi tattara kowa.

Amma ni ina tare da sunan, domin bai yi ƙarya ba. Indiya Sunusi ya duba, don kuwa can idon Kanawa yake tun zamanin da ake layi a silimar Plaza da Marhaba saboda Amitabh Bachchan da Dharmendra. Wanda ya kalli Sangaya, da waƙarta da rawarta, ya san inda aka sha nono. Suna linzami ne, kuma wannan ya nuna inda aka fito.

Abin da ke ci mini rai shi ne, in ba don rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu ba, da wannan tarihi ya daɗe da shiga rububi. Ina roƙon ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano su nemo tsofaffin bugun Tauraruwa da mujallar Fim, su ɗora su a intanet inda kowane ɗalibi zai gani da idonsa.