Aswaki Sunnah Ne, Gudun Likita Ba Sunnah Ba Ne

   

Duk wanda ya saba sallar asuba a masallatan birnin Katsina, daga Ƙofar Marusa har zuwa Ƙofar Ƙaura, in dai yana lura da wurin alwala, ya sha ganin abin da zan faɗa. Sai ka ga ɗan'uwa ya goga aswaki, ya kurkure baki, ya furzar da ruwa jajir. In ka yi masa magana, sai ya ce ai zafi ne ya yi masa yawa, ko kuma aswakin ne sabo. Bayan shekara biyar ko goma, sai ka ji haruffa sun soma suɓuce masa a karatu, domin haƙoran gaba sun girgiɗe sun zube ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa babu ko ɗaya da ya ruɓe a cikinsu.

Babu mai jayayya a cikinmu a kan matsayin aswaki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana Manzon Allah (SAW) wajabta shi a kowace salla. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da shi yake farawa idan ya shiga gida. Hatta a jinyarsa ta ƙarshe, ita ce ta karɓi aswakin ɗan'uwanta Abdurrahman, ta tausasa masa shi, ya goga. Saboda haka abin farin ciki ne ganin matasa suna tsayawa wurin masu sayar da aswakin arak a ƙofar masallacin Juma'a, ko suna karyo reshen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda wasunmu suka mai da wannan sunnah garkuwar da suke fakewa a bayanta don kada su je asibiti.

Bari mu san yadda ciwon yake. Kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Muddin tana da laushi, aswaki ko buroshi na fitar da ita. In aka bar ta kwanaki, sai ta sha ma'adinan da ke cikin miyau ta yi kanta, ta zama tsatsa mai tauri kamar dutse. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, da an taɓa sai jini. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai. Amma in tsatsar ta gangara ƙarƙashin dasashi, sai ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya soma zaizayewa, galibi ba tare da wani zafi ba, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. A rahotonta na shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da biliyan ɗaya ke fama da wannan mataki mai tsanani. Masu ciwon suga, da masu shan taba, da mata masu juna biyu, sun fi kowa bukatar kula.

Abin da ake iyawa a gida yana da yawa, kuma yana da amfani. A goge baki safe da dare, a bi gindin kowane haƙori ciki da waje a hankali, ba da ƙarfi ba kamar mai wanke tukunya, domin dirza tana janye dasashi. A riƙa yanke kan aswakin da ya tsufa, a wanke shi, kada ya kwana cikin aljihu tare da kuɗi da makulli. Wanda ya haɗa aswaki da buroshi da man goge baki bai saɓa wa sunnah ba, domin tsafta ake nema, kuma lungun turame na ciki yana wuyar kaiwa da aswaki. Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana rage kumburi. Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci. Kuma ganin jini ba dalilin daina gogewa ba ne, wurin ne ma ya fi bukatar tsafta. To amma in an yi mako biyu ana haka jini bai tsaya ba, ko baki na wari, ko haƙori na motsi, ko mugunya na fita, maganin gida ya kai iyakarsa. Babu aswakin da ke kankare tsatsa.

Sauran abubuwan da ake yi kuwa cutar da kai ne tsagwaronsa: ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, danna ƙwayar asfirin a kan dasashi har ta ƙona shi, cusa garin taba, sakace da allura. Haka masu yawo a kasuwanni suna turara wa mutane hayaƙi, wai suna fitar da tsutsar haƙori. Babu tsutsa a cikin haƙori. Wannan cin dukiyar mutane ne da ƙarya, kuma mai kira zuwa ga barin camfi bai kamata a gan shi tsugune a gabansu ba.

To, me ya hana mu zuwa wurin likita? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, tsoro ne. Na zauna da wani ɗan'uwa da kuncinsa ya kumbura har ido ya rufe, yana ce mini shi ya dogara ga Allah. Da hira ta yi nisa, sai ya fito fili ya ce an gaya masa duk wanda aka cire wa haƙorin sama yana makancewa. Wannan magana ba ta da tushe. Abin tsoron ma shi ne mugunyar da aka bari, domin ita ce ke iya yaɗuwa zuwa ido ko wuya. Wasu kuma suna cewa wankin haƙori a asibiti yana buɗe giɓi, yana sa haƙora girgiɗi. Giɓin da ma yana nan, tsatsa ce ta rufe shi, kamar yadda yaɓe ke rufe tsagar bango. Tawakkali kuwa bai taɓa zama barin sababi ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu bin Sharik cewa ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah (SAW) game da neman magani, ya umurce su da su nema. Sahabi Arfajatu bin As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Jahiliyya, an yi masa izinin sanya hancin zinariya bayan na azurfa ya yi wari.

Kuma wannan aiki ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake kankare tsatsar haƙori, har da zanen ƙarafan da ake aikin da su, da yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya. Ƙarfen da muke gudu a yau jikan nasa ne.

Wanda gabansa ke faɗuwa, ya je tun ciwon bai taso ba, lokacin da aikin bai wuce dubawa da wanki ba, kuɗinsa ma ya fi sauƙi. Ya je da safe, ya tafi da ɗan'uwa, ya gaya wa likita ƙarara cewa yana jin tsoro, ya nemi a yi masa bayani kafin a fara, su yi yarjejeniya cewa in ya ɗaga hannu a dakata. Akwai allurar da ke kashe wurin, ana jin motsi amma ba a jin zafin aikin. Yana da haƙƙin tambaya ko an tsarkake kayan aiki. Ko azumi bai zama uzuri ba, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tabbatar da cewa cire haƙori da wanke shi ba sa karya azumi matuƙar ba a haɗiye komai ba. Akwai masu wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Magidanta kuma su ji tsoron Allah game da iyalansu. Mace tana kwana tana juyi da ciwon baki, maigida ya ce likita namiji ne, bai nemo mata likita mace ba, bai kuma raka ta ba, alhali lalura tana da hukuncinta.

Yara su ne abin tausayi. Cutar noma, wadda ke cinye kunci da leɓe, daga kumburin dasashi take farawa a bakin ƙaramin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, galibi ɗan shekara biyu zuwa shida, kuma cikin 'yan kwanaki take ɓarna. Tun 1999 akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an kama ta da wuri, magani da abinci da tsaftar baki suna tsayar da ita. Amma sai a ce iska ce, a yi ta turare har fuska ta huje.

Shawarata ga kwamitocin masallatai da 'yan agaji da malaman Islamiyya ita ce, a gayyato ma'aikacin lafiyar haƙori ya zauna da jama'a bayan la'asar, ko sau ɗaya a zango, kuma malamin da ya karantar da babin aswaki ya ce yara su buɗe baki ya duba.